Lemon da Na Jefa a Kwandon Shara

Ni ce na jefar da lemon. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya ce na wanke labarin don in fito fes. Lemon zaƙi ne guda ɗaya, babba, an ɗora shi a ƙaramin faranti a gaban hoton wani tsoho mai tabarau, ga kofin shayi a gefe ya riga ya huce. Na zura hannuna a leda don kada fatata ta taɓa shi, na jefa shi a kwandon shara, na tuttular da shayin, sannan na tsaya a tsakiyar ɗakin na yi addu'a da Hausa, da ƙarfi, kamar mai korar ɓarawo. Na fito ina jin na yi wa Allah aiki.

Sana'ata a birnin Greensboro, a nan ƙasar Turawa, ita ce kula da tsofaffi a gidajensu. Wani kamfani ne ke tura mu. Ki yi wa tsohuwa wanka, ki ba ta magani a kan lokaci, ki dafa abin da haƙoranta za su iya, ki zauna ki saurari labarin da ta riga ta ba ki sau goma. A shekarar da nake magana an tura ni wani gida a Sedgefield, unguwar da gidaje ke kallon filin golf. Kullum da safe nakan taso daga unguwarmu ta Glenwood a tsohuwar motata in isa kafin mai gidan ya fita aiki. Injiniya ne, mutumin ƙasar Sin, ko ɗan Caina kamar yadda muka fi cewa. Wadda nake kula da ita mahaifiyarsa ce, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, 'yar firit, mai idon da ba ya barin komai ya wuce. Mama nake ce mata. Turancinta a gutsure yake, nawa kuma da nauyin harshe, amma muna fahimtar juna sarai, musamman in faɗa ya tashi a kan gishirin miya. Tsohon da ke cikin hoton mijinta ne, ya rasu shekara uku kafin zuwana, an binne shi a nan garin.

Abin da ya sa na saki jiki da gidan shi ne Kiristoci ne kamar ni. Ga gicciye a falo, ɗan kuma dattijo ne a cocin Sinawa. Ni kuwa jikar Maguzawa ce. A ƙauyenmu kakana ne ya fara bin 'yan mishan, kuma kafin a yi masa baftisma sai da ya kwaso duk abin da ke ɗakin tsafin gidansu ya ƙone a gaban jama'a. Da wannan labarin aka raine mu, ana ba mu shi kamar labarin yaƙin da aka ci da takobi. Saboda haka ni in na ga an ajiye abinci a gaban abin da ba ya ci, ba na tsayawa tambaya.

Mama tana barcin rana lokacin da na yi aikin nawa. Da ta farka ta dubi farantin, ta dube ni. Da yamma na tari ɗan a bakin ƙofa, tun bai cire takalmi ba, na zayyana masa abin da na gani, har da ƙarin gishiri. Ya yi mini godiya. Anti yake ce mini, wai haka ake kiran mace mai kula da gida a wajensu ko da an girme ta. Ya ce ya ɗauka Mama ta daina. Ya ce tun rasuwar mahaifinsa yake fama da ita a kan wannan. Akwai wata rana a farkon Afrilu da Sinawa ke zuwa su share kaburburan iyayensu, kuma bara da ya kai ta sai ta ajiye abinci, ta sunkuya wa kabarin sau uku, wani ɗan cocinsu ya gani, aka yi ta magana. Bana ba zai kai ta ba. In ta roƙe ni, ni ma kada in kai ta, kuma zai sanar da kamfaninmu haka.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ya sami wadda ta dace. Washegari da na zo babu hoton a kan teburin. Ya ɗauke ya kai ɗakin karatunsa a sama, inda ƙafarta ba ta iya hawa.

Sauran kwana ashirin ranar sharar ta zo. Zuciyar Mama kuwa ta riga ta gaji, ƙafafunta kullum a kumbure, ko daga gado zuwa bayi sai ta tsaya ta huta. Ita ta sani, ɗanta ya sani, ni ma da na ga tsofaffi da yawa a wannan mataki na sani, cewa da wuya ta ga wani Afrilun. In ba ta je bana ba, to ba za ta ƙara zuwa da ƙafarta ba.

Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba. In na kawo abinci sai na fita take ci. Na zuba gishiri da gangan har ya yi yawa, ta cinye ba ta tanka ba, a nan ne na san abin ya yi tsanani. A rana ta biyar ta nuna mini saman kabad da sandarta, ta ce in sauko mata da wani gwangwanin biskit. A ciki akwai ɗan littafin addu'a wanda gefunansa suka cinye, an yi masa riga da baƙin ƙyalle. Ta zare rigar ta juya cikinta waje. Jan zare ne aka ɗinka jeri-jeri, irin rubutunsu, wasu a karkace. Ta ce in jawo kujera.

Yini guda ta yi tana ba ni labarin. In kalma ta gagare ta sai ta faɗa wa wayarta, wayar ta faɗa mini. Ta ce ta kogi Baturen mishan ya zo garinsu, lokacin kakanta yana saurayi. Ya sa riga irin tasu, ya yi kitso ɗaya a ƙeya irin na mazan lokacin, yana magana da harshensu kamar ɗan yaye, yara na binsa suna dariya. Manya ba su yi dariya ba. Jiragen yaƙin da suka buɗe wa 'yan kasuwar Turawa kogunan ƙasar su ne suka buɗe wa masu wa'azi, don haka da wuya talaka ya bambance mai littafi da mai bindiga. Amma wannan yana da maganin ciwon ido, kuma ba ya dukan ɗan dako. Kakanta ya fara da ɗaukar masa kaya, ya zama kukunsa, daga baya ya ba da gaskiya.

Daga nan labarin ya fara yi mini kama da wanda na sani. A kowane gida na wajensu akwai allunan katako da aka rubuta sunayen iyaye da kakanni, ana ajiye su a wuri na musamman. Bature ya ce babu baftisma sai an fito da allunan an ƙone. Kakan ya ƙone su a tsakar gida. Dangi suka soke sunansa daga littafin zuri'a, suka daina gaishe shi, suka riƙa kiransa mai cin addini, wato wanda ya bi Bature don shinkafa. Har ya mutu da wannan sunan, alhali shinkafar da ya rasa saboda bin ta fi wadda ya samu.

Sai dai matarsa, kakar Mama, ta riga kowa. Ba ta iya karatu ba ko kaɗan, amma ta iya ɗinki. Ana saura kwana ɗaya a ƙone allunan ta ɗauki ƙyalle da gawayi ta kwaikwayi zanen da ke jikin kowane allo, yadda za ta kwaikwayi zanen fure a takalmin amarya, daga baya ta bi da jan zare. Shi ya sa wasu suka karkace, wasu suka rasa ƙafa ɗaya. Ita ma an yi mata baftisma tare da mijinta, kuma da zuciya ɗaya ta karɓa. Ta yi wa littafin addu'ar gidan riga da ƙyallen, sunayen suna ciki, tana zuwa sujada da shi a hannu kowace Lahadi a gaban Baturen.

Na zata daga nan za ta fara tsine wa 'yan mishan, amma ba ta yi ba. Ta ce saboda su ne ba a ɗaure ƙafar mahaifiyarta ba, yadda ake yi wa 'yan mata a da har su kasa tafiya, kuma a makarantarsu ta iya karatu. Ta ce Baturen da matarsa sun binne 'ya'ya biyu a kan tudun da ke bayan cocin, zazzaɓi ya kashe su. Kowace shekara in ranar shara ta zo, kakar takan hau tudun ta share ƙananan kaburburan nan biyu, ta cire ciyawa, ta ajiye musu 'yar alewa, don a ganinta abin kunya ne a bar yara a baƙuwar ƙasa ba mai dubansu. Wata shekara matar Baturen ta iske ta tana yi. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta juya ta tafi, ba ta taɓa faɗa wa mijinta ba.

Mama tana yarinya aka kori 'yan mishan daga ƙasar gaba ɗaya. Tana matashiyar malama aka rufe coci-coci, nasu aka mai da shi rumbun hatsi. Littafin ya yi shekaru a gindin randar shinkafa. An taɓa tsayar da ita a gaban ɗalibanta da allo rataye a wuya, aka ce ta faɗa da bakinta cewa ta bar addinin baƙi. Ta tsaya tun safe har rana ta karkata, ba ta faɗa ba. Da ta kawo nan ta ajiye wayar, ta dube ni, ta yi maganar da Turancinta, a hankali, ba ta nemi taimakon kowa ba.

"Waɗancan sun ce mu riƙe Allah mu saki iyayenmu. Waɗannan sun ce mu riƙe ƙasarmu mu saki Allah. Ba mu saki ko ɗaya ba. To ke wace ce?"

Ni da ake cewa bakina ba shi da linzami, abin da kawai na iya fitarwa shi ne tambaya a kan lemon.

"Na san ba ya ci," in ji ta. "Shekara hamsin ina dafa masa abinci, ni ce zan kasa gane ya daina ci?"

Ta ce lemo yake so, kuma shi yake ɓare mata, ɓawon ya fita ɗaya bai tsinke ba. Addu'arta ga Allah take yi, shi kuwa tsohon gaishe shi kawai take. In an ɗan jima takan ɗauki lemon ta cinye abinta. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ta tsaya yini guda da allo a wuya, ita ce na zo da ledata zan koya wa tsoron Allah.

Da na koma gida na kira ƙanen mahaifina a waya, shi ne babba da ya rage mana. Bayan gaisuwa na ce, Baba, mene ne sunan mahaifin kakanmu? Ya faɗi wani suna, ya ce a'a, wannan kamar na wansa ne. Ya ce ai ba a cika ambatarsa ba, tunda a tsafi ya mutu. Kabarin fa? Ya ce wajen wata tsamiya ne, amma an sare ta tuntuni, wurin ya zama gona. Ban ce kakana ya yi kuskure ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya san abin da ke cikin ɗakin da ya ƙone. Ni ma a makarantar mishan na iya karatu, kuma bangaskiyata ba ta sayarwa ba ce. Amma sunan uban mutum ba gunki ba ne, kuma a gidanmu ba a sami wadda ta ɗauki allura ba. Na ajiye wayar na yi kuka, kukan haushi.

Ban fara da tawaye ba, Allah ya sani. Na sami ɗan da yamma na ce, Yallaɓai, maganar da na kawo maka ban fahimce ta ba ne, ina roƙonka ka mayar mata da hoton, ka kuma kai ta. Ya saurare ni har na gama. Shi ba mugu ba ne, shi ke yanke mata farce da hannunsa kowace Asabar. Ya ce kakanninsa sun sha wuya kafin su rabu da waɗannan abubuwa, ba shi zai mayar da su ba. Ya ce akwai ɗalibai sababbin tuba a cocinsu da suke kallonsa, in sun ga uwar dattijo tana sunkuya wa kabari me zai ce musu? Na ce ya ce musu uwar dattijo ta riƙe addinin nan lokacin da riƙe shi ke jawo duka, shi kuwa a garin da ake faka mota a ƙofar coci yake riƙe da shi. Na san na wuce gona da iri, amma ta riga ta fita. Fuskarsa ta canja.

"Anti, ke kika kawo mini maganar nan," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi yi mini zafi. Ya ƙara da cewa gidansa ne, uwarsa ce, maganar ta ƙare.

Ranar Lahadi na kai maganar gaban matan zumuntarmu, ina neman wadda za ta ce mini ki yi. Shugabarmu, wadda muke kira Mama ita ma, ta ce in rufa wa kaina asiri, shiga sharo ba shanu ne, wa ya aike ni? Wata ta ce tsafi tsafi ne ko da na Caina ne. Na ce mata ai ke ce kika yi wa mahaifinki taron cika shekara biyar da rasuwa, da hotonsa a jikin riga, da shinkafa tukunya uku, har muka yi anko. Wa ya ci shinkafar, shi ko mu? Aka yi ca a kaina. Na ɗauki jakata na fita ba a rufe da addu'a ba.

Ranar sharar ta faɗo Alhamis. A wannan lokacin ne itatuwan garin nan ke zubar da wani gari ruwan ɗorawa, ya rufe motoci da dakali da komai, mutane na ta atishawa. Tun ana gobe na tsaya a wani kanti a titin Wendover na zaɓi lemo uku, na juya kowanne a hannu kamar mai zaɓen na biki. Na kuma ɗauko tsintsiyata ta kaba, irin tamu ta gida, wadda nake share barandata da ita. Da ɗan ya fita aiki na shiga ɗakin Mama na ce ta zaɓi rigar da za ta sa. Ta dube ni, ta dubi tsintsiyar da ke hannuna. Ta ce za a kore ni. Na ce ba yau aka fara korata ba, ta ɗaga hannu in sa mata riga.

Abu ɗaya na ƙi yi, shi ne fita da ita a sace. Na sa ta a mota, na naɗe kekenta na guragu na sa a baya, sannan kafin in tayar da motar na tura wa ɗan saƙo: Na kai Mama wurin Baba, in kana son ganinmu ka san inda muke. Na kashe ƙarar wayar na jefa ta a jaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maƙabartar tasu fili ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudun kabari ko ɗaya, sai faranta na ƙarfe a kwance cikin ciyawa da sunaye a kai. Mu a wajenmu in an rufe mutum an rufe, mace ba ta komawa kushewa da tsintsiya, don haka ban san ta inda ake farawa ba. Ita ta nuna mini hanya, layi-layi, ba ta ɓata ba. Farantin mijinta ya yi futu-futu da garin itatuwan nan, ga busassun ganye, ciyawa ta fara hawa gefunansa. Na sunkuya zan share, ta buge mini hannu. Ta karɓi tsintsiyar ta jujjuya ta. Ashe gajartarta daidai take da mai zama a keke. Ta share da kanta, a hankali, tana hutawa, ta bi kowace kusurwa. Ni na cire ciyawar da hannu, na goge rubutun da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce wannan tsintsiya ta fi duk na kantunan garin nan hankali. Ta jera lemon a kan farantin.

Sai ta ce in tsayar da ita. Ƙafafun ba za su ɗauke ta ba, na sani. Na kwance gyalena na zagaya mata shi a ƙugu, na naɗe bakin biyu a hannuwana, na tsaya a bayanta na ɗago ta, yadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya. Muna haka na ji an rufe ƙofar mota. Ɗan ne, yana tahowa cikin ciyawa da takalmin ofis, katin aiki na lilo a wuyansa. Ni ya fara tunkara.

"Me na ce miki?"

"Ka ce kada in kawo ta, Yallaɓai. Na ji, na kuma kawo ta. In kana so ka karɓi gyalen nan ka riƙe uwarka, in ba ka so ka matsa, hannuna ya fara gajiya."

Bai karɓa ba, bai kuma matsa ba. Ya yi wa uwar magana da harshensu, da sauri, ƙasa-ƙasa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta zaro baƙin ƙyallen nan daga aljihu, ta buɗe, ta fara karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana bi da yatsa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji inda ta zo kan na mijinta, don muryar ta karye a wurin. Daga nan ta yi addu'a, na gane ta ne da amin ɗin ƙarshe. Sannan ta sunkuya. Nauyinta duka ya dawo hannuna, kuma wanda ke riƙe da mai sunkuyawa dole ya sunkuya. Sau uku muka yi, ni da ita, jikar mutumin da ya ƙone ɗakin tsafi da jikar mutumin da ya ƙone alluna.

Na zaunar da ita tana haki. Ta ce in miƙo mata lemo ɗaya daga kan farantin. Ta ɓare, ɓawon ya tsinke sau uku, ta yi tsaki. Ta ci ɓari ɗaya, ta miƙo mini ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya ɗan tsaya. Tarbiyyar shekara hamsin ba ta fita a yini ɗaya. Amma na karɓa da hannuna tsirara, na sa a baki, na tauna ina kallon ɗan ido cikin ido. Ta miƙa masa nasa. Ya daɗe yana kallon hannun nata, bai karɓa ba. Ya zagaya ya kama keken ya tura ta zuwa motarsa. Ta ɗaga mini hannu ba ta juyo ba, ɓarin lemon na nan tsakanin yatsunta.

Kafin in isa Glenwood manajarmu ta kira. An cire ni daga gidan, an kuma rubuta mini gargaɗi. Ta tambaye ni ko na fahimci kuskurena. Na ce na fahimta sarai, kuskurena na yi shi ne kwana ashirin da suka wuce, na yau gyara ne. Ta ce ba ta gane ba. Na ce ba laifi, ta rubuta abin da za ta rubuta.

Ban ƙara ganin Mama ba. Wata 'yar Ghana da aka tura a madadina ce ta faɗa mini cewa hoton ya dawo kan teburin bayan 'yan kwanaki, ba wanda ya ce komai a kai. Ita ce kuma ta kira ni da sanyi ya shigo ta ce Mama ta rasu, har an yi jana'iza. Na tambaye ta littafin mai baƙar riga, ta ce ba ta san inda ya shiga ba.

Da Afrilu ya zagayo na ɗauki tsintsiyata da lemo ɗaya na tafi. Shugabar zumuntarmu ta ji labari ta kira ni tana tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, na ce gaskiya ne, in tana da tsintsiya ta zo mu tafi tare. Na sami layin ban ɓata ba. Suna biyu ne yanzu a kan farantin. Kuma wani ya riga ni zuwa. An share, amma sharar wanda bai saba ba ce, an bi tsakiya an bar gefe, garin itatuwan nan ya taru a kusurwoyi huɗu. Babu lemo, babu shayi, sai sawun takalmin ofis a inda ƙasa ke da danshi.

Na durƙusa na bi kusurwoyin da ya bari, na cire ciyawar da bai gani ba. Na faɗi sunanta da na mijinta, da karkataccen harshena. Na faɗi na kakana, na yi shiru a inda na ubansa ya kamata ya shiga. Sannan na ɗora lemon a tsakiyar farantin, inda duk wanda ya dawo ba zai kasa ganinsa ba.